Rediyo a Reshen Ɗorawa

Akwatin ƙarfe. Katifa a naɗe, an ɗaure ta da igiyar shanya. Bokiti, da kwano da cokali a ciki. Littattafai cikin tsohon buhun shinkafa. Ƙaramin rediyo baƙi mai igiyar ratayawa.

Abin da Abdulkabir ya ɗauko ke nan ranar da aka sallame su daga makarantar kwana saboda Korona. Sauran kayan suna saman mota. Rediyon yana kan cinyarsa, ya dafe shi da hannu biyu duk lokacin da motar ta faɗa rami. Malaminsu na kimiyya ne ya ba shi a bakin ƙofar makaranta, saboda ya san babu wayar zamani a gidansu.

"Kullum da hantsi za a riƙa koyar da 'yan ajin ƙarshe a rediyo," in ji malamin. "Kar ka bari ya wuce ka. Ko yaushe aka buɗe, jarrabawa za ku tarar tana jiranku."

Motar ta sauke shi bayan an wuce Dawakin Tofa. Ya ɗora akwatin a ka, ya bi hanyar da ta ratsa gonaki.

Mahaifinsa, Malam Mika'ilu, yana zaure a kan tabarma. Abdulkabir ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Daga nan ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro: duk abin da ɗa ya samu a waje, ko tsinken tsire ne, sai ya fara nuna wa babba an sa albarka. Ya miƙa rediyon da hannu biyu.

"Baba, ga abin da malaminmu ya ba ni."

Malam Mika'ilu ya karɓa, ya juya shi, ya ja ƙarfen sama. Nasa rediyon ya mutu tun kafin sanyi. Ya murɗa har ya kamo masu labarai.

"Ma sha Allah. Ji murya tar. Allah ya yi albarka, Kabiru. Allah ya ba ka masu yi maka."

"Amin, Baba."

Abdulkabir ya jira. A al'ada, bayan addu'a sai a mayar wa yaro abinsa. Malam Mika'ilu ya rataya igiyar a kafaɗa, ya gyara zama.

"Shiga ka gaida uwarka."

Washegari da hantsi Abdulkabir ya ɗauko littafi ya zauna a gefen zauren. Dattawan unguwa sun kewaye rediyon suna jin labarin cutar. Da aka gama, Malam Mika'ilu ya kashe.

"Batir ba ruwan rijiya ba ne," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba.

Haka jibi, haka gata. Sai Abdulkabir ya samu mahaifiyarsa, Kaltume, tana tankaɗe a tsakar gida.

"Inna, ki yi wa Baba magana mana. Rediyon nan na karatu ne."

"Ka ba uba abu, ka dawo kana nema? A ina aka taɓa yi?"

"Ban ba shi ba, Inna. Nuna masa na yi."

"To ai ya gani, ya kuma yaba." Ta buga rariya a tafin hannu. "Ka yi haƙuri. Kwana nawa ne za a buɗe muku makarantar?"

Ba a buɗe ba. Aka sa dokar kulle a birni, azumi ya kama, rana ta buɗe.

Gidan Malam Mika'ilu gandu suke yi: uba da 'ya'yansa maza suna noma gonar gida tare daga safe zuwa azahar, abin da aka samu rumbu ɗaya yake shiga. Bayan azahar ne kowa yake iya zuwa gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa. 'Ya'ya maza biyu ne a gidan, Khamisu da Abdulkabir. Khamisu ne babba, yana da mata da yara, kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa shi kaɗai ke ɗauke da gandu.

Wata safiya ya jawo jaki har ƙofar ɗakin Abdulkabir, ya jefa masa mangala.

"Likita, fito. Ga majinyacinka na farko."

"Yaya, ina son in ɗan duba littafi kafin rana ta yi."

"Littafin me? Makaranta a rufe take. Gwamnati da kanta ta ce ku huta." Ya nuna tudun takin da ke bayan turken awaki. "Tun da ka tafi bokon nan ni ke noma rabonka, kana can kana cin shinkafa da cokali. Bana ka ɗan taɓa ka ji."

Abdulkabir ya kai taki gona har azumi ya ƙare. Ya cika mangala, ya kora jaki, ya juye, ya dawo. Khamisu ya raka shi kwanakin farko. Daga baya sai ya fara cewa zai leƙa lambunsa na fadama ya dawo, kuma ba ya dawowa. Malam Mika'ilu yana gani, yana kau da kai. Tsoronsa ɗaya, kar ya matsa wa Khamisu ya ce a raba gandu. Ƙarami kuwa ba inda za shi.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, Abdulkabir ya sake gwadawa. Ya jira bayan sallar la'asar, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, da za a yarda, in riƙa jin karatu da hantsi, in ya so in rama aikina da yamma. Har magariba ma."

"Gandu da safe ake yi."

"Aikin ai ɗaya ne, Baba."

"Ba ɗaya ba ne. In mutane suka wuce suka gan ni ni kaɗai a duƙe, ga ƙatona a ɗaki yana jin rediyo, me za su ce? Su ce Mika'ilu ya haifi 'ya'ya bai more ba? Amma ni ba mai hana karatu ba ne. Ni na kai ka. Za mu riƙa tafiya da shi gona, ka ji abinka kana aiki."

Ya faɗa da fuskar wanda ya yi kyauta. Abdulkabir ya yi godiya.

Akwai ɗorawa a bakin gonar, ta gefen gabas. A reshenta ake rataye rediyon, kusa da gorar ruwa. Kunyoyin gonar dogaye ne, daga gindin ɗorawa har kan iyakar da ke kallon titi. Abdulkabir yakan kama kunya daga gindin bishiyar, muryar malama tana bisa kansa.

"Yanzu ku lura da kyau. Idan aka haɗa waɗannan biyun aka ɗora a wuta, abin da zai fito shi ne..."

Fartanya ta ci gaba, shi ma ya bi ta. Muryar ta ragu, ta koma kamar kukan sauro, ta ɓace. Ya kai ƙarshen kunya, ya juyo ya kama wata. Can sai muryar ta fara dawowa.

"...shi ya sa na ce kar ku manta da wannan, don kusan kowace shekara sai an tambaya. To, mu shiga na gaba."

Haka ya yi karatun daminar nan. Farkon magana da ƙarshenta, babu tsakiya. Ya san an yi tambaya, bai ji amsa ba. Ya ji amsa, bai san ta mece ce ba. Wani lokaci in ya kamo wani abu sai ya zana shi da yatsa a ƙasa, a kan kunya, don ya duba in ya dawo. In ya dawo ya tarar mahaifinsa ya bi ta wurin da fartanya.

Ya fara jan jiki in ya zo kusa da ɗorawa. Ya cire ciyawa ɗaya ɗaya, ya koma ya sake gyara inda ya riga ya gyara.

"Kabiru," in ji Malam Mika'ilu daga can tsakiya, "geron gindin bishiyar nan ɗan sarki ne? Na ga kullum shi kaɗai kake yi wa hidima."

Ranar da Khamisu ya ga damar zuwa kuwa, kai tsaye yake nufar rediyon. Ya murɗa ya kamo masu gaishe-gaishe da kiɗa.

"Yaya, karatu ake yi."

"Matar nan ta cika mana kunne. Baba, kana jin abin da take cewa?"

"Ina fa. Rabin maganar Turanci ne, sai ciwon kai."

"Ka ji ko? Mu biyu ne, kai ɗaya. Likita, in ka zama likitan ka sayi naka gidan rediyon."

Tafin hannun Abdulkabir ya yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. In ya dawo da azahar ya ci tuwo, ya buɗe littafi, alƙalami ba ya zama daidai a yatsunsa. Kafin ya gama shafi ɗaya barci ya kwashe shi, ko a ƙwala masa kira: ciyawar awaki, ruwan jaki, katangar da ruwa ya zubar. Duk aikin da ya rasa mai shi, nasa ne.

"Ai kai ba ka da abin yi," haka kowa yake cewa, kuma ba da mugunta suke faɗa ba.

Wata Juma'a, da yake ba a zuwa gandu, ya zauna da tsoffin tambayoyin lissafi. Ya zaɓi wata da ya taɓa warwarewa a gaban allo, 'yan aji suna tafa masa. Ya rubuta layin farko. Ya tsaya. Ya san akwai abin da ake yi daga nan, yana jin sa kusa, amma ya ƙi zuwa. Ya daɗe yana kallon takardar. Kaltume ta leƙo.

"Karatu ake yi? Allah ya taimaka. In ka gama ka kai min niƙa."

Ya rufe littafin ya ɗauki kwaryar.

Aka gama noman farko, aka yi maimai. Gero ya kai kafaɗa, ya fara fitar da kai. Saura huɗar dawa, aikin garma, wanda ya fi duka cin ƙarfi. Khamisu ya daina zuwa gandu gaba ɗaya. Ya ce bayansa ke ciwo, amma kullum ana ganin sa a fadama a duƙe.

Cikin kwanakin nan ne rediyo ya daina zuwa gona.

"Baba, an manta rediyo."

"Batir ya mutu."

Washegari ma haka.

"Ko in karɓo a shagon Sabiru?"

"Na ce maka ya mutu. In na shiga kasuwa zan sayo mai kyau. Ja garmarka."

Dattawa ma suka daina taruwa a zauren. In Abdulkabir ya gaishe su a hanya sai su amsa da sauri, su kau da kai. Wani daga cikinsu ya taɓa buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Allah ya ba da lada, ɗan Malam," ya wuce. Kaltume ta fara ƙara masa man shanu a tuwo ba tare da ya tambaya ba.

Ran Asabar yana huɗa a ƙarshen gona, ta wajen titi. Ya miƙe don ya sarara wa ƙugunsa, sai ga adaidaita ta wuce. An ɗaure akwatin ƙarfe da katifa a samanta. A ciki wata yarinya ce da kayan makaranta da takunkumi a fuska.

Ya tsaya da garma a hannu. Jim kaɗan wata mota ta wuce, ita ma da katifu.

Ya ajiye garmar ya haura titi. Akwai mai facin taya a ƙarƙashin darbejiya.

"Sannu da aiki. Ɗaliban nan ina za su?"

Mai facin ya ɗago ya dube shi. "Makaranta mana. 'Yan ajin ƙarshe. Ai waɗannan ma masu latti ne, tun wancan makon aka koma. Jibi Litinin za a fara jarrabawa, wai da lissafi." Ya ƙara duban sa. "Kai ba ɗan Malam Mika'ilu ba ne? Ai na ɗauka ka gama, ko ka bari."

"A ina aka faɗa?"

"A rediyo. Safe da yamma ake ta maimaitawa, har mun gaji da ji."

Abdulkabir ya koma gona. Mahaifinsa yana can gefen ɗorawa, bayansa kawai ake gani. Bai je wurinsa ba. Ya ɗauki garma ya ƙarasa kunyar da ya fara, ya kama wata, har azahar.

A gida ya tarar da Kaltume tana kwashe tuwo.

"Inna, kin sani?"

Ba ta tambaye shi me ba. Ta ci gaba da shafa mara a kan tuwon.

"Malam ya ce a bari a gama huɗa tukuna."

"Jibi za a fara."

"Ni mace ce, Kabiru. Me zan ce? In na yi magana a ce na raba ɗa da uba." Ta tura masa kwano. "Ci abinci. Komai lokaci ne."

Bai ci ba. Bayan la'asar ya sami mahaifinsa a ƙofar turaka yana gyara ƙotar fartanya. Khamisu yana gefe a kan turmi yana cin gyaɗa. Abdulkabir ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, an koma makaranta."

"Na ji."

"Ba a faɗa min ba."

"Da an faɗa maka, da hankalinka ya bar gona. Ga shi kuwa tun yanzu." Malam Mika'ilu bai ɗago ba. "Cutar nan ma ba ta ƙare ba. A tara yara wuri ɗaya, wa ya san abin da zai faru? Ni nake da hakkin kula da kai."

"Amma Baba, kasuwa tana ci, muna zuwa."

"Kasuwa dole ce."

Khamisu ya yi dariya. "Ka ji Likita ya koma lauya."

"Jarrabawa kowace shekara ana yi," in ji Malam Mika'ilu. "Dawar nan kuwa in ba a huɗe ta yanzu ba, iska ta kwantar da ita, me za mu ci? Takarda? Ni ƙarfina ya ƙare. Yayanka ba shi da lafiya."

Abdulkabir ya dubi Khamisu. Ƙafafunsa duk taɓon fadama ne, bai ko bushe ba.

"In ban rubuta lissafi ba, sauran duk banza ne, Baba. Ba inda za su karɓe ni."

"Ni ban ce kar ka je ba. Kar ka je kana cewa ubanka ya hana ka karatu. Cewa na yi ka gama huɗa."

"Huɗar za ta kai mako biyu."

"To ka ga sai ka dage."

"Wai ma me ka karanta da za ka rubuta?" in ji Khamisu, yana watsa gyaɗa a baki. "Tsakani da Allah fa. Wata nawa ban gan ka da littafi ba. Ka je ka faɗi, ka kunyata mu? Gara ka zauna, baɗi ka shirya sosai."

Wannan ce maganar da ta fi shigar sa, don gaskiya ce. Bai san abin da ya rage a kansa ba. Kuma ya san baɗi ma akwai taki, akwai shuka, akwai huɗa, kuma bayan Khamisu ba zai warke ba.

Ya sunkuyar da kai yadda ya saba. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Baba, ina neman izini. Gobe zan koma."

Malam Mika'ilu ya ajiye fartanyar. Ya daɗe yana kallon sa, kamar yau ya fara ganin sa.

"Izini kake nema, ko sanar da ni kake yi?"

Abdulkabir ya ci gaba da kallon ƙasa.

"To. Wanda ya bar garma a tsakiyar gona, ya san inda zai ci tuwo in an yi kaka." Malam Mika'ilu ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya shiga turaka ya saki labule.

Khamisu ya daina tauna. Kaltume tana bakin madafa, ta riƙe muciya.

Can sai aka ji ƙarar murɗa rediyo daga cikin turaka, sannan muryar mai labarai ta fito, ƙasa-ƙasa amma tar. Lokacin labaran yamma ne, kuma Malam Mika'ilu bai saba bari su wuce shi ba.

Babu wanda ya kalli wani.

Abdulkabir ya sa takalminsa ya nufi ɗakinsa. Ya jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙurar, ya fara zuba littattafai. Kaltume ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kabiru, ka bari ya huce. Ka je ka ba shi haƙuri, ka nuna masa kayan da za ka tafi da su, ya sa maka albarka. Haka ake yi."

Ya ninke kayan makarantarsa ya sa a sama. Wandon ya yi masa yawa a ƙugu, ya gani tun kafin ya gwada. Ya rufe akwatin, ya danna da gwiwa har ya kama. Sannan ya zo ya riƙe ƙyauren.

"Inna, matsa kaɗan."

Ta matsa. Ya tura ƙofar ta rufe, ya sa sakata. Ta jiyo muryarsa daga ciki.

"Gobe in an idar da asuba zan tafi, ko a ƙafa ne. Abin da ya rage a kaina shi zan rubuta. Kuma daga yau, duk abin da na samu, ba zan ƙara nuna wa kowa a gidan nan ba."